Tsakanina da Sirdi

Na sayi keken hawan dutse a hannun Lawali,
mai faɗin taya, giya goma sha takwas.
Ya ce da wannan sai ka je Mirya ka dawo
ba ka sani ba.
Ƙafafu kam ba su sani ba.
Wanda ya sani yana can ƙasa, ba shi da baki,
sai da na zo zaman tahiya da magariba
ya faɗi nasa.

Kwana uku ina cin tuwo a tsaye.
Habsu ta ce, "Malam, tabarmar ce ta yi maka laifi?"

Na je wurin Mutari tela, bakin Kasuwar Dole,
na yi bayani da hannu, don abin ba ya faɗuwa.
Ya yanko soson katifa, kaurin yatsa uku,
ya ɗinke a hantsar wando, ya bi da zare biyu,
ya ce hau ka ji daɗin duniya.
Na hau.
Kafin in fita Birni soso ya sha gumi ya ƙoshi,
ya dunƙule gefe guda kamar curin fura,
ɗinkin tsakiya ya koma zarto.
Na dawo ina jan keke, ina tafiyar ɗan shayi.

Wandon sama ma da nasa halin.
A gangare, in na ɗaga na ja baya,
sai hantsa ta rungumi hancin sirdi ta ƙi saki.
Ran Alhamis, daidai famfo, mata sun yi layi,
ya zame ya bar ƙugu ba sallama.
Hannu ɗaya a birki, ɗaya yana ceton mutunci,
dutse kuwa ba ya ragwanta wa mai hannu ɗaya.
Gwiwata ta bar fata a wurin.
Dariyar ta fi faɗuwar ciwo.

Cima mai gwanjo ce ta gane ni daga tafiya.
Shekara ashirin mijinta ya yi yana kai burodi ƙauye a keke,
ita ke shafa masa man kaɗanya da dare.
Ta tona tulin kaya har gwiwar hannu,
ta jawo wani baƙi, ɗan mitsitsi, mai santsi.
"Ba girin-girin ba," in ji ta. "Matsa soson.
In yatsunka sun gaisa da juna, ajiye.
Nemi wanda zai ture ka.
Juya cikinsa, bi da yatsa,
in ka ji tudun ɗinki, gobe shi za ka zaga.
Ya kama cinya kamar fata, kar ya shaƙe jini.
Kuma kar ka sa komai a ƙarƙashinsa."
Na sunkuyar da kai.
Ta ce, "Kunya ba ta warkar da saɓa.
Wanke shi duk dare, shanya a juye.
Jaka biyu da rabi, ban da ciniki."

Mutari ya ji haushi, amma ya ɗau almakashi.
Ya rage hantsa, ya sa roba a baya,
ya zura mazagi a gaba, na igiyar auduga.
Nakan ɗaure shi bisa ƙashin ƙugu, ƙulli biyu,
ba a kan tumbi ba, tumbi mayaudari ne,
da safe daban, bayan fura daban.
Waya da makullai na kwashe su daga aljihu,
ashe su ne 'yan zuga.

Yau da asuba na hau har kan manyan duwatsu.
Damagaram na ƙasa tana hura wuta,
hayaƙi na tashi gida-gida,
wani jaki na faɗin ra'ayinsa daga Zango.
Na daɗe a can kafin in lura
ban tuna da abin da ke jikina ba ko sau ɗaya.

Da na dawo Habsu ta shimfiɗa tabarma,
ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.
Na zauna.
Na ce ƙaro miya.